Dokar Magudanan Ruwa da Dagwalon Masana'antu a Ƙasar Rido

A manyan biranen Turai, in aka ce magudanar gari ana nufin bututu ne a ƙarƙashin ƙasa wanda ke kwashe ƙazantar gidaje da ta masana'antu zuwa inda za a tace ta. A Ingila, tun 1937 aka yi dokar da ta hana mai masana'anta zuba dagwalonsa a irin wannan bututu sai da yardar hukumar gari. Kaduna kuwa ba ta taɓa samun irin wannan tsari da ya game gari ba. Abin da muke da shi shi ne kwata da lambatu a buɗe, su kuma rafi suke faɗawa. Saboda haka a Rido da maƙwabtanta, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, magudanar jama'a ita ce rafin Romi, wanda ke gangarawa ya shiga Kogin Kaduna.

Ɗaya daga cikin dokokin farko da suka shafi wannan al'amari ita ce Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917, shekarar da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa. Da ita duba-gari ke aiki. Dattawa za su tuna yadda yake shiga gida ya leƙa randa da shadda, ya kai ƙarar wanda ya bar ruwan kwatarsa ya kwanta a hanya. Amma dokar gida ce da kasuwa da mahauta. Waɗanda suka rubuta ta ba su da masana'anta a zuciya.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo baya, ciki har da UNTL a 1964. Ruwan rini da soda da maganin wanke yadi duk lambatun Kakuri da na Makera suke bi zuwa kogi, har ana iya gane launin da aka rina a ranar daga kallon ruwan. A lokacin kowa albashi yake dubawa, kuma ba laifi ba ne a faɗi cewa dubban gidaje da shi suka rayu.

Rido nata rabon ya zo a 1980, da aka buɗe matatar mai wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina. Ta fara da ganga 100,000 a rana, aka ƙara zuwa 110,000 a 1986. Tace ɗanyen mai aiki ne mai cin ruwa, kuma ruwan da ya fito yakan ɗauko maiƙo da sinadarin fenol da ƙarafa masu guba. An gina wa matatar wurin tace wannan ruwa kafin a sake shi a rafin Romi, to amma irin wannan na'ura ba ta amfani sai ana kula da ita kullum. Ƙasa da bakin magudanar akwai masu noman rani da ke ban ruwa wa tumatir da alayyafo, akwai makiyaya da ke shayar da shanu, akwai masunta. Maiƙo in ya shimfiɗu a kan ruwa yana hana iska shiga, kifi ya shaƙe. Ƙarafan kuwa ba sa ruɓewa. Suna kwanciya a laka, shuka ta tsotsa, a kai kasuwa.

Abin mamaki, ba ƙorafin Kakuri ko na Romi ne ya haifi doka ba. Sharar guba ce da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wadda asirinta ya tonu a 1988. A shekarar gwamnatin soja ta yi Doka ta 42 kan shara mai cutarwa, da Doka ta 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA. A 1991 aka fito da ƙa'idojin da suka ƙayyade abin da ruwan masana'anta zai iya ɗauka, suka wajabta wa kowace masana'anta tace dagwalonta, suka hana zuba mai kowane iri a magudanar jama'a ko kogi ba da izini ba. Mai karatu ya lissafa: shekara 34 ke nan bayan masaƙar farko, 11 bayan matata. Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar, KEPA, a 1994.

A ganina matsalar Rido ta fi ƙarfin rashin doka, domin tambayar ita ce wa zai zartar. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da magudanai da kwashe shara a kan ƙaramar hukuma, amma harkar mai ta tarayya ce zalla. Da aka kafa NESREA a 2007 a madadin FEPA, an cire ɓangaren mai da iskar gas daga ikonta. Malalar mai kuma aikin NOSDRA ne, wadda aka kafa a 2006. Duba-garin Chikun na iya cin tarar mai wankin mota da ya zuba baƙin mai a kwalbati, amma ikonsa a ƙofar matata yake tsayawa.

An ga haka a 2012, lokacin da mutanen Mararrabar Rido suka koka cewa an jibge musu sharar matatar kusa da gidaje. Jaridu suka ba da labarin rashin lafiya da mutuwar kaji, kamfanin ya musanta cewa sharar na da guba, sai da maganar ta kai Majalisar Wakilai a Abuja.

Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, matatar ma ta shafe shekaru ba ta tace mai ba. Launin lambatun Kakuri ya ragu ne don injuna sun tsaya. A 2023 kamfanin NNPC ya ba Daewoo kwangilar gyaran matatar. Ya kamata malaman makarantun wannan yanki da masu unguwanni su riƙa tambayar ko wurin tace ruwa na cikin gyaran, da kuma wace hukuma za ta riƙa auna ruwan Romi ta sanar da manoma sakamakon.