Wasan Kurket na Ƙasa da Ƙasa: Jagora ga Sabon Ɗan Kallo

Kurket wasa ne na sanda da ƙwallo wanda ƙungiyoyi biyu ke bugawa, kowace da 'yan wasa 11. A Ingila ya samo asali, mulkin mallaka kuma ya kai shi Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu da tsibiran Karibiyan, inda ya yi saiwa har ya zama abin alfaharin ƙasa. A yau yana cikin wasannin da suka fi yawan masu kallo a duniya bayan ƙwallon ƙafa, kuma zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, karo na farko tun 1900.

Abin da ya fi rikita wanda ya saba da ƙwallon ƙafa shi ne wasanni iri uku ne ke amsa suna ɗaya. Akwai wanda ake gamawa cikin sa'o'i uku, akwai na yini guda, akwai kuma na kwana biyar wanda zai iya ƙarewa ba tare da kowa ya ci ba. Dokokinsu na asali ɗaya ne. Wanda ya gane su, ya kuma iya karanta sakamakon da ke ƙasan allon talabijin, ya samu mabuɗin dukkansu.

Yadda ake bugawa

Filin kurket faffaɗa ne mai siffar ƙwai. A tsakiyarsa akwai wani zirin ƙasa da aka daddaɓe, tsawonsa yadi 22, wato mita 20 da ɗoriya. A kowane ƙarshen zirin an kafa turaku uku da 'yan guntayen itace biyu a kansu. Waɗannan turaku ake kira wiket.

Ƙungiya ɗaya ce ke bugu, ɗaya kuma na jifa da tsaron fili, daga baya su yi musanya. Masu bugu biyu kawai ke shiga a lokaci guda, ɗaya a kowane ƙarshe. Mai jifa yakan rugo ya wurga ƙwallo ba tare da miƙe gwiwar hannu ba, galibi ta daki ƙasa kafin ta isa ga mai bugu. Idan mai bugu ya doke ta, shi da abokinsa suka ruga suka yi musanyar gurbi, sun samu maki ɗaya. Idan ƙwallo ta gangara har ta taɓa igiyar da ke iyakar fili, maki huɗu ne. Idan ta tsallake igiyar ta sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki shida ne.

Jifa shida a jere shi ake kira oba. Da oba ta cika, sai wani mai jifa ya karɓa daga ɗaya ƙarshen. Jifan da ya kauce da yawa, ko wanda mai jifa ya taka ƙetaren layi, ba ya shiga lissafi: ana ba masu bugu maki ɗaya kyauta, a sake jifan.

Burin masu jifa shi ne su fitar da mai bugu, kuma hanyoyi biyar ne aka fi gani. Ko ƙwallo ta wuce shi ta rushe turaku. Ko wani ya cafe ta a sama bayan ya doka. Ko ya tare ta da ƙafa alhali turaku ta nufa, abin da ake taƙaitawa da LBW. Ko a rushe turaku yana tsakiyar gudu bai kai layi ba. Ko kuma mai tsaron bayan turaku ya rushe su lokacin da ya zarce layinsa garin neman duka. Wanda aka fitar ya gama nasa a wannan zagaye, wani ya shigo. Idan aka fitar da goma, zagayen ƙungiyar ya ƙare, domin na sha ɗayan ba shi da abokin gudu.

A nan ne dabarar wasan take. Ƙungiyar da ke bugu tana da jari iri biyu: yawan jifan da ya rage mata, da yawan mutanen da ba a fitar ba. Idan ta yi gaggawar neman huɗu da shida, tana iya asarar mutane. Idan ta yi ta kare turaku, jifa na ƙarewa maki bai taru ba. Kowace shawarar kyaftin awo ce tsakanin waɗannan biyun.

Karanta sakamako

Idan allo ya nuna 176/7, ma'anarsa maki 176, an fitar da mutum bakwai. Wannan shi ne abin da Indiya ta samu a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na T20 a Barbados a 2024. Afirka ta Kudu ta biyo baya ta tsaya a 169/8, shi ya sa aka ce Indiya ta yi nasara da maki 7.

Idan kuwa ƙungiyar da ta yi bugu daga baya ce ta ci, ana faɗin nasarar da yawan mutanen da suka rage mata. A Yunin 2025 Afirka ta Kudu ta cimma maki 282 da ake buƙata a kan Ostireliya bayan an fitar mata da mutum biyar, saboda haka aka ce ta yi nasara da wiket biyar. Kalmar wiket ke nan tana nufin turakun, tana kuma nufin fitar da mai bugu.

Lambar oba ma na buƙatar lura. Idan an rubuta 14.3, ana nufin oba 14 da jifa uku. Daga nan sai lissafi mai sauƙi: ƙungiyar da ke neman maki 60 a oba shida na buƙatar goma a kowace oba. Wannan adadi, yana hawa yana sauka, shi ne abin da ƙwararrun 'yan kallo ke sa wa ido. A Ostireliya kuma akan juya lambobin, a rubuta 7/176.

Nau'o'i uku

T20 shi ne mafi gajarta. Kowace ƙungiya na da oba 20, mai jifa ɗaya ba ya wuce huɗu, wasa kuma na ɗaukar sa'o'i uku zuwa uku da rabi. An ƙirƙiro shi a Ingila a 2003, aka yi Kofin Duniya na farko a Afirka ta Kudu a 2007, inda Indiya ta doke Pakistan a wasan ƙarshe. Gajartarsa na ba ƙananan ƙasashe dama: a 2024 Amurka ta doke Pakistan, Afganistan ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Yuganda kuma ta halarci gasar karon farko.

ODI, wasan yini guda, oba 50 ne ga kowane ɓangare, yana kai kusan sa'o'i takwas. Da shi ake buga babban Kofin Duniya duk shekara huɗu tun 1975. Ostireliya ta ɗauka sau shida, na baya-bayan nan a Ahmedabad a 2023, a gaban 'yan kallon Indiya mai masaukin baƙi. Gasar 2027 a Afirka za a yi ta, tsakanin Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya.

Test shi ne mafi tsufa, kuma mafi daraja a idon 'yan wasa. An buga na farko a Melbourne a 1877. Ana sa fararen kaya, ana amfani da jar ƙwallo, kowace ƙungiya na bugu sau biyu, ba a kuma ƙayyade yawan oba ga zagaye ba. Abin da aka ƙayyade shi ne lokaci: kwana biyar, kimanin oba 90 a rana, da hutun abincin rana da na shayi. Kafin ƙungiya ta ci, dole a kammala zagayen abokiyar karawarta sau biyu. Idan lokaci ya ƙare ba a kai ga haka ba, an tashi babu wanda ya ci, komai yawan ratar maki. Saboda haka ake ganin masu bugu biyu na ƙarshe suna kare turakunsu awa guda ba su nemi maki ba, filin kuma ya yi tsit don zullumi. Yin kunnen doki a maki daidai wani abu ne daban, sau biyu kawai ya taɓa faruwa a Test, a 1960 da 1986.

Ƙasa da yanayi ma 'yan wasa ne a Test. Sabuwar ƙwallo mai sheƙi na karkata a iska, musamman a Ingila, don haka masu jifa da ƙarfi ke farawa. Kwanaki na tafiya zirin na tsattsagewa, sai masu murza ƙwallo da yatsu ko wuyan hannu su samu yadda suke so, kamar yadda aka saba gani a Indiya da Siri Lanka. Shi ya sa cin wasa a ƙasar wasu ke da wuya, ke kuma da daraja.

Masu ruwa da tsaki

Hukumar kurket ta duniya, ICC, an kafa ta a 1909, hedikwatarta yanzu tana Dubai. Tana da mambobi fiye da 100, amma 12 ne cikakku masu izinin buga Test: Ingila, Ostireliya, Afirka ta Kudu, West Indies, New Zealand, Indiya, Pakistan, Siri Lanka, Zimbabuwe, Bangaladesh, Ireland da Afganistan. West Indies haɗakar ƙasashen Karibiyan ce, irin su Jamaika da Barbados da Guyana da Tirinidad, kuma ita ta ɗauki Kofin Duniya biyu na farko, a 1975 da 1979.

Ban da gasannin ICC, yawancin wasanni ziyara ce: ƙasa ta je wata ƙasa a buga jerin wasanni uku ko biyar. Mafi shahara ita ce Ashes tsakanin Ingila da Ostireliya, wadda sunanta ya samo asali daga shaguɓen wata jarida bayan Ostireliya ta doke Ingila a Landan a 1882. Mafi zafi kuwa ita ce karawar Indiya da Pakistan. Saboda takun-saƙar siyasa, rabonsu da buga jerin wasanni tsakaninsu tun farkon 2013, sai dai su haɗu a manyan gasanni. Tun 2019 ana tara makin jerin wasannin Test a gasa guda, wadda New Zealand ta lashe a 2021, Ostireliya a 2023, sai Afirka ta Kudu ƙarƙashin kyaftin Temba Bavuma a 2025.

Gasar IPL ta Indiya, wadda aka fara a 2008, ta kulob-kulob ce, amma a nan ake ganin taurarin ƙasashe da yawa wuri ɗaya. Mata kuwa sun riga maza yin Kofin Duniya, a 1973, kuma Indiya ce ta ɗauki na 2025.

Akwai sunaye huɗu da ake auna kowane gwani da su. Don Bradman na Ostireliya ya yi ritaya da matsakaicin maki 99.94 a Test. Sachin Tendulkar na Indiya ya ci maki ɗari a zagaye guda har sau 100 a wasannin ƙasa da ƙasa. Brian Lara na West Indies ya ci 400 shi kaɗai a kan Ingila a 2004 ba tare da an fitar da shi ba. Muttiah Muralitharan na Siri Lanka ya fitar da masu bugu 800 a Test.

Matsayin Najeriya

Kurket ba baƙo ba ne a Najeriya. Tun 1904 aka buga wasa tsakanin Legas da Gold Coast, wato Ghana ta yau, kuma makarantun gwamnati na zamanin Turawa, har da Kwalejin Katsina, sun koyar da shi. Najeriya ta zama mamba a ICC a 2002, a rukunin da ba ya buga Test. Tun 2019 duk wasan T20 na maza tsakanin mambobin hukumar ana lissafa shi cikakken wasan ƙasa da ƙasa, saboda haka karawar Najeriya da Ruwanda ko Saliyo na shiga kundin tarihi ɗaya da ta Indiya da Ingila.

Matasan maza 'yan ƙasa da shekara 19 sun halarci Kofin Duniya na rukuninsu a Afirka ta Kudu a 2020. Matan Najeriya sun samu lambar tagulla a Wasannin Afirka da aka yi a Ghana a 2024. A Janairun 2025 kuma 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki 2 a Maleshiya, a wasan da ruwan sama ya rage zuwa oba 13.

Ta ina za a fara

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da T20, a zaɓi ƙungiya ɗaya a bi ta har ƙarshen gasa, domin sanin 'yan wasa ke sa lambobi su yi ma'ana. Bayan haka sai ODI. Test kuma ba a buƙatar zama a kansa kwana biyar. Yawancin masu binsa leƙen sakamako suke yi lokaci-lokaci suna harkokinsu, su zauna kallo idan abin ya ɗau zafi.

Agogo na taimakon mai kallo daga Najeriya. A lokacin bazarar Turai, agogon Ingila daidai yake da na Najeriya, Test kuma na farawa da ƙarfe 11 na safe. Afirka ta Kudu na gaba da awa ɗaya. Indiya na gaba da awa huɗu da rabi, don haka wasan da aka fara can da 7:30 na dare, a nan ƙarfe 3 na rana ne. Ostireliya ce mai wahala: Test ɗin Melbourne na 26 ga Disamba na farawa da 12:30 na dare agogon Najeriya.

Tashoshin SuperSport na nuna manyan wasanni, shafin ESPNcricinfo na kawo bayanin kowane jifa a rubuce ba tare da cin data mai yawa ba, ICC kuma na saka taƙaitattun bidiyoyi a shafukanta. Abubuwa biyu za su iya ɗaure kai a farkon kallo. Idan ruwan sama ya katse wasan T20 ko ODI, ana sake lissafin makin da ake buƙata da tsarin DLS, wanda ke auna jifa da mutanen da suka rage. Idan kuma ɗan wasa ya yi alamar harafin T da hannuwansa, yana ɗaukaka ƙara ne kan hukuncin alƙalin wasa, a duba bidiyo. Sauran ƙa'idojin kan zo da kansu bayan wasa biyu ko uku.