Jerome Kagan: malamin da jarirai suka sa ya sauya ra'ayi

Yau tarihinmu na wani masanin halayyar ɗan Adam ne, Ba'amurke, Jerome Kagan, wanda ya kwashe shekaru yana bin tambaya guda: mi ya sa wani yaro ke ruga wa baƙo, ɗan'uwansa kuwa ya laɓe bayan zanen uwa?

An haife shi a 1929 a garin Newark na jihar New Jersey. Ya samu digirin dokta a jami'ar Yale a 1954, ya koma koyarwa a Harvard a 1964. Da farko ya yarda cewa tarbiyya ce kaɗai ke gina hali, iyaye ke zana komi.

Sai aikinsa ya fara musanta shi. A farkon shekarun 1970 ya je wani ƙauye a Gwatamala inda jarirai ke shekarar farko cikin ɗaki mai duhu, ba wasa sosai. Sun yi jinkirin wayo, amma yaran ƙauyen masu shekara 11 ya iske su garau. Ashe farkon rayuwa ba ya rufe ƙofa.

A 1989, shi da abokiyar aikinsa Nancy Snidman suka gwada jarirai kusan 500 ƴan wata 4. Ana kaɗa musu kayan wasa masu launi, ana sa musu muryar da ba su sani ba. Wajen kashi 20 cikin 100 suka yi ta kuka da harbe-harbe, wajen kashi 40 ko a jikinsu. Da aka bi su har ƙuruciya, masu kukan sun fi zama masu ɗari-ɗari da baƙon abu. Kagan ya danganta haka da wani sashen ƙwaƙwalwa mai saurin jin barazana.

To, kenan hali zanen dutse ne? Ba duka ba. Da yawansu ba su zama matsorata ba, ko da yake kaɗan ne suka koma marasa shakkar komi. Halitta takan ja iyaka, reno ya yi aiki cikinta.

Kagan ya rasu a 2021, yana da shekara 92. Iyaye, yaron da ke noƙewa ranar farko a lakkwal ba ragonci ba ne. Bulala ba ta sauya halitta; a riƙe mishi hannu, a saba mishi sannu-sannu.