Mai Shari'a Mamman Nasir da Kotun Ɗaukaka Ƙara

An haifi Mamman Nasir a Katsina cikin 1929. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, daga bisani aka tura shi Ingila koyon aikin lauya, ya gama a 1955. A zamanin nan lauyoyin da suke 'yan asalin Arewa ba su cika cikin cokali ba, saboda haka yana dawowa Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke shi lauyanta a Kaduna. Ya zama Ministan Shari'a a 1961, ya riƙe muƙamin har juyin mulkin 1966. Aka naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli a 1975. Da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1976 sai aka mai da shi can, ya zama shugabanta a 1978.

Shugabancin nan ya zo masa a lokaci mai wuya. A cikin wannan shekara ce gardama ta kaure a majalisar da ke duba sabon tsarin mulki, kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'ar Musulunci ta ƙasa baki ɗaya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zaure. Maslahar da Tsarin Mulkin 1979 ya zo da ita ita ce, ƙarar da ta fito daga kotun Alƙalin Alƙalai na jiha ta wuce kotun da Mamman Nasir ke shugabanta, kuma lalle a sami aƙalla alƙalai uku masanan Shari'ar Musulunci a cikinta, da uku masanan dokokin gargajiya.

Amfanin wannan tsari ya fi fitowa fili a gari irin Kaduna. A hayin kogi, wajen Kakuri da Makera, masaƙu sun tara ma'aikata Musulmi da Kirista daga kowace kusurwa ta ƙasa. Rigimar gado ko ta aure da ta taso a can, ko da wace doka aka fara yanke ta, tana da inda za ta je a sake dubawa. Riƙe amincewar ɓangarorin biyu da kotu ɗaya shi ne nauyin da ya ɗauka shekara goma sha huɗu.

Ya ajiye aiki a 1992, aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Ya rasu ran 13 ga Afrilu, 2019. Allah ya jiƙansa.