Jirgin Ƙasa da Noman Rani a Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya da rani, daga Kura har Kwanar Gafan, zai ga manyan motoci jere ana ɗora musu kwandunan tumatir da buhunan albasa da na shinkafa, za su Kudu. Yamma kaɗan da wannan titi kuwa akwai hanyar jirgin ƙasa wadda ta ratsa ta Ɗangora da Madobi da Calawa tun shekarar 1911, amma amfanin gonar nan ba ta kanta yake bi ba. Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin yadda aka yi hanya da kaya suka saɓa, domin a cikin wannan saɓani akwai darasi ga masu tsara sababbin hanyoyin jirgi.

Yadda Dogo Ya Iso Kano

Turawa sun ci Kano a 1903, a lokacin kuwa jirgin da ya taso daga Ikko ya riga ya isa Badun tun 1901. Gwamnatin Arewa ba ta so ta zauna jiran Ikko ba, ta fi son hanyarta ta kanta wadda za ta sadar da ita da kogin Kwara. Saboda haka a 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard, mutumin Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a Sudan, ya shugabanci Arewa. A wannan shekara aka fara aiki daga Baro, a bakin Kwara. Hanyar ta biyo ta Minna da Kaduna da Zariya, nisan mil 350 da 'yan kai, ta iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas. A 1912 aka buɗe ta ga 'yan kasuwa, aka kuma haɗe ta da hanyar Ikko ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Ba injuna suka yi wannan aiki ba, talakawa ne suka yi shi da diga da shebur da kwando. Ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗibar lebura, kowace gunduma da adadin da aka yanka mata, kuma da yawansu ba da son ransu suka je ba. Ana biyansu da sulalla, da sulallan nan kuma ake karɓar haraji. Ta haka aikin dogo ya taimaka wajen korar kuɗin wuri daga kasuwannin ƙasar Hausa tun kafin jirgi ya ɗauki buhu ɗaya.

Auduga Aka Nema, Gyaɗa Aka Samu

Masu masaƙun Ingila ne suka fi matsa wa gwamnatinsu a kan wannan hanya, don sun ɗauka ƙasar Hausa za ta wadata su da auduga. Abin da ba su lissafa ba shi ne, audugar ƙasar Kano tana da masu ita. Masaƙa da marina na gida suna sayenta da tsada fiye da yadda Bature zai iya biya. Kura kanta gari ne na rini da bugu, wanda turkuɗinsa, da aka fi sani da ɗan Kura, ya yi suna a wurin Buzaye har cikin Hamada. Manomi ya duba ya ga gyaɗa ta fi masa: tana son jigawa, tana gyara ƙasa, ana shuka ta tare da gero, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Daga nan fuskar ciniki ta juya. Ayarin raƙuma da ke zuwa Tarabulus ya mutu, fatake suka koma awon gyaɗa suna kai wa kamfanonin Turawa, fitacce a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata. Aka kafa Sabon Garin Kano a 1913 don baƙin da jirgi ya kawo. Dogo ya ci gaba da bin gyaɗa da auduga duk inda suke: ya isa Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai a 1964. Dalar gyaɗa ma da ake alfahari da ita, wani ɓangare na tarihinta shaida ce ta ƙarancin taragu, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu amfanin da ake nomawa ya fi ƙarfin abin da jirgi ke iya kwashewa, sai aka riƙa jibge buhuna ana jiran layi.

Abin lura a nan shi ne, an tsara hanyar ne tana fuskantar teku. Aikinta ta ɗauki busasshen kaya, wanda ba ya lalacewa ko ya yi wata shida a rana, ta kai shi bakin ruwa. Faɗinta ƙafa uku da rabi ne, ga kwana da yawa, domin araha aka nema wajen gina ta, ba sauri ba.

Ruwa Ya Zo, Jirgi Ya Tafi

A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma, fasinja ba su kai miliyan 5 ba, kaya kuwa sun koma tan miliyan ɗaya da ɗoriya. Dalilai sun taru sun yi yawa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar Gabas. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman da ke ciyar da jirgi. Kuɗin man fetur kuma aka zuba su a kan tituna da motoci.

A daidai waɗannan shekaru ne Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka gama ta a 1974. Daga gare ta aka jawo ruwa ta manyan magudanai, yana gangarowa da kansa ba da famfo ba, zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin a kan kadada 22,000, daga baya kuma ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Ƙasar da a da ake nomanta sau ɗaya a shekara ta koma ba da alkama da tumatir da rani, shinkafa da damina.

Wannan sabon amfani ya bambanta da gyaɗa ta fuska biyu. Na farko, kasuwarsa a cikin gida take, a Ikko da Badun da Anaca, ba a Turai ba. Na biyu, kayan gwari ba sa jira. Tumatirin da aka tsinka yau, in bai isa kasuwa cikin 'yan kwanaki ba ya zama ruwa. Jirgin da ba shi da tabbataccen lokaci, ba shi da taragun sanyi, ba shi kuma da reshe zuwa gonaki, ba abin da zai yi wa irin wannan kaya. Kiɗa ya sauya, amma rawar jirgi ba ta sauya ba. Aka bar manomi da direban babbar mota, da tsadar mai, da shingayen hanya, da asarar duk abin da ya ruɓe kafin a sauke.

An yi ƙoƙarin farfaɗo da jirgin. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982. An ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995. A watan Disamba na 2012 aka sake sakin jirgin Ikko zuwa Kano, yana cin fiye da awa 30 a hanya. Duk waɗannan gyaran tsohuwar hanya ne, ba wanda ya taɓa ainihin tsarinta.

Kammalawa

Ba Nijeriya kaɗai mota ta kayar da jirgi ba. A tsibirin Ailan, wanda shi ma ƙasar manoma ce da Ingila ta mulka, an buɗe hanyar farko a 1834, hanyoyin suka kai kimanin mil 3,400 wajen 1920, sa'an nan aka rufe fiye da rabinsu. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka sama wa sabon aiki, kamar jirgin lantarki da aka fara a Dublin a 1984 don masu zuwa aiki kullum. Watau dogo yana rayuwa ne in an daidaita shi da bukatar zamaninsa.

Nijeriya ta buɗe hanya mai faɗi ta zamani tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. A 2021 aka aza harsashin ta Kaduna zuwa Kano, da ta Kano zuwa Maraɗi ta kan Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A 2023 kuma aka ƙaddamar da tashar kaya ta tudu ta Dala a Zawaciki. Ma'aunin da ya kamata ma'aikata da ɗalibai su auna waɗannan ayyuka da shi ba yawan mil ba ne. Sai a tambaya: ina wurin lodi mafi kusa da Kura da Bunkure? Ina ɗakin sanyi? Wane titi zai sada gona da tasha, kuma nawa manomi zai biya a kan kwando? Ba a fafe gora ranar tafiya. Turawan 1907 sun san kayan da suke so tun kafin su kafa ƙarfe na farko, ko da yake manomi ya zaɓar musu wani. Wajibi ne masu tsara hanyar yau su fara tambayar manomin, tun da kayan suna nan a ƙasa suna jira.