Motsa jiki bayan shekara 60 da batun maganin rage kitsen jini

Dattijon da ya haura shekara 60, wanda gwiwarsa ke ƙara duk lokacin da zai miƙe daga sujada, kuma likita ya rubuta masa maganin rage kitsen jini, yakan samu kansa tsakanin shawarwari masu karo da juna.

'Ya'ya da jikoki na cewa ya zauna ya huta, ai ya riga ya yi nasa. Abokai a majalisa na gargaɗinsa cewa ƙwayar da aka ba shi ita ce ke haddasa ciwon jiki. Likita kuwa na cewa ya riƙa tafiya a ƙasa, kuma kada ya ajiye maganin.

Batutuwan biyu suna da nasaba, domin ciwon da ke hana tsoho motsi shi ne sau da yawa ake ɗora wa maganin, har a daina sha.

Illar zama wuri guda

A shekarar 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri kimanin 31,000 a birnin Landan. Ya gano cewa kwandastocin motocin bas masu hawa biyu, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke wuni a zaune.

Wannan na daga cikin hujjojin farko da suka danganta zama wuri guda da ciwon zuciya. Shi kansa Dakta Morris ya ci gaba da motsa jiki har tsufansa, ya kuma rasu a 2009 yana da shekara 99.

Ga wanda ya manyanta, lamarin bai tsaya ga zuciya ba. Tun daga shekara 30 tsokar jikin ɗan Adam ke fara raguwa, da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, kuma raguwar kan ƙara sauri bayan shekara 60. Wanda ya kwanta jinya na mako biyu kan ga alamar hakan a ƙafafunsa ranar da ya tashi.

Sai dai tsoka na iya farfaɗowa ko da an tsufa tukuf. A 1990 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun sa wasu tsofaffi goma, masu shekara 90 ko kusa da haka, atisayen ɗaga nauyi da ƙafa na tsawon mako takwas. Ƙarfin tsokar cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu.

Ciwon gwiwa da ƙugu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai irin na zaizayewar guringuntsi. Kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 cikin ɗari kuma mata ne. Gwiwa ce gaɓar da cutar ta fi kamawa.

Mutane da dama na ɗauka cewa gwiwa kamar tayar mota take, gwargwadon tafiyar da aka yi da ita gwargwadon cinyewarta. Masana sun ce wannan kwatance bai dace ba. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abinci, kuma lanƙwasawa da miƙewa ne ke sa ruwan ya ratsa shi. Haka nan tsokar cinya ce ke rage wa gwiwa nauyi. Idan aka daina motsi saboda ciwo sai tsokar ta raunana, gaɓar ta sage, ciwon ya ƙaru.

Saboda haka ne hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, wato NICE, ta sanya motsa jiki a sahun gaba na hanyoyin magance wannan cuta a ƙa'idojinta na 2022. Ta kuma buƙaci likitoci su shaida wa marasa lafiya cewa ciwon na iya ɗan ƙaruwa a farkon atisaye, kafin a ga amfaninsa.

Ƙa'idar da masu gashin ƙashi ke yawan bayarwa ita ce, ciwon da ya lafa cikin kwana guda bayan atisaye ba abin tsoro ba ne. Idan ya wuce haka, a rage yawan atisayen, amma kada a bari gaba ɗaya. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, musamman idan da zazzaɓi, wannan ta asibiti ce.

Ga mai ƙiba, rage nauyi na taimakawa ƙwarai. Wani bincike na 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Akwai kuma batun magungunan kashe raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Shan su kullum na tsawon lokaci na iya haifar da gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya kuma tayar da hawan jini, kuma haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi. Na shafawa a kan gwiwa ya fi na haɗiya sauƙin illa.

Gwargwadon abin da ake buƙata

A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Matsakaici na nufin wanda zai sa numfashi ya ɗan ƙaru, amma mutum na iya magana. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ta cika mafi ƙarancin adadin, kuma ana iya rarraba ta, a yi minti goma da safe, goma da yamma, goma bayan isha'i.

Hukumar ta ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, da na daidaita tsayuwa kwana uku, domin kauce wa faɗuwa. Faɗuwa na kashe mutane kimanin 684,000 a duniya kowace shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikinsu.

Maganar taku 10,000 a rana da ake yawan ji ta samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Wani binciken Jami'ar Harvard na 2019 a kan mata sama da 16,000, masu matsakaicin shekara 72, ya nuna cewa masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa, kuma ribar ba ta ƙara wani yawa ba bayan taku 7,500.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar gidan atisaye. Zuwa masallaci a ƙafa sau biyar, musamman idan aka zaɓi mai ɗan nisa, na cike kaso mai yawa. Tsohuwar da ba ta cika fita ba na iya zagaya tsakar gida, ta tashi daga kujera ta sake zama sau goma ba tare da dafa hannu ba, ta kuma gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya tana dafe da bango. A watannin bazara, sanyin safiya bayan asuba ya fi dacewa.

Shari'a ta sauƙaƙa wa wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune. Abin da likitoci ke jan hankali a kai shi ne kada sallar kujera ta zama mafarin barin tafiya baki ɗaya. Mai niyyar aikin Hajji ma ya tuna cewa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita uku.

Ciwon ƙirji, ko jiri, ko ɗaukewar numfashi a lokacin tafiya, alamu ne na a tsaya a nemi likita.

Kitsen jini

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da jiki ke buƙata, kuma hanta ce ke samar da mafi yawansa. Nau'in da ake kira LDL shi ne idan ya yi yawa yake taruwa a bangon jijiyoyin jini, ya ƙuntata su, har wata rana hanyar ta toshe a zuciya ko a ƙwaƙwalwa.

Yawansa ba ya nuna wata alama, kuma siriri ma na iya samunsa. Gwajin jini ne kawai ke bayyana shi. Kitsen nama, da man shanu, da manja na ƙara shi, yayin da man gyaɗa da wake da ganye suka fi sauƙi. Motsa jiki na rage hawan jini da suga, amma abin da yake ragewa na LDL kaɗan ne, shi ya sa tafiya ba ta maye gurbin magani ga wanda haɗarinsa ya yi yawa.

Wani babban bincike a kan shanyewar ɓarin jiki mai suna SIREN, da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, aka kuma wallafa a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba da rata mai yawa wajen haddasa cutar, sai matsalar kitsen jini ke biye masa.

Magungunan statin

Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Akira Endo, wanda ya rasu a 2024, shi ne ya gano statin na farko daga wani nau'in funfuna a shekarun 1970. Amurka ta amince da sayar da lovastatin a 1987. Aikin waɗannan magunguna shi ne rage yawan kolestarol da hanta ke haɗawa, abin da ke sa ta riƙa janye LDL daga cikin jini.

An yi ta tababa a kansu har zuwa 1994, lokacin da wani gwaji a ƙasashen arewacin Turai a kan masu ciwon zuciya 4,444 ya nuna cewa simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin ɗari a cikin shekara biyar da 'yan watanni.

A 2016 mujallar Lancet ta wallafa wani lissafi da ke sauƙaƙa auna riba da illa. Idan mutum 10,000 suka sha statin mai ƙarfi na shekara biyar, za a kauce wa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ga kimanin 1,000 idan da ma sun taɓa kamuwa da ciwon jijiyoyin jini, ko kimanin 500 idan ba su taɓa ba amma suna cikin haɗari. A ɗaya ɓangaren, kimanin biyar za su samu mummunan ciwon tsoka, 50 zuwa 100 kuma ciwon suga zai bayyana gare su.

Shin maganin ne ke sa ciwon jiki?

Fargabar tana da tushe. A 2001 kamfanin Bayer ya janye wani statin mai suna cerivastatin daga kasuwa, bayan an danganta shi da mace-mace sakamakon lalacewar tsoka.

To amma ciwon jiki na yau da kullum wani batu ne dabam. A 2020 masu bincike a kwalejin Imperial da ke Landan sun ɗauki mutum 60 da suka daina shan statin saboda illa. Sun ba kowannensu kwalabe 12, ɗaya ga kowane wata: huɗu da maganin gaske, huɗu da ƙwayar da babu magani a cikinta, huɗu kuma babu komai. Kashi 90 cikin ɗari na damuwar da suka ji a watannin magani sun ji ta a watannin ƙwayar banza. Rabinsu sun koma shan maganin bayan an nuna musu sakamakon.

A 2022 masu bincike a Jami'ar Oxford sun tattara bayanan mutum sama da 120,000. Kashi 27.1 cikin ɗari na masu shan statin sun koka da ciwon tsoka, sai kuma kashi 26.6 na masu shan ƙwayar banza. Ɗan bambancin ya fi fitowa ne a shekarar farko.

Wannan ba ya nufin mai kukan ƙarya yake yi. Ciwon na gaske ne, sai dai a shekarun da ake fara shan statin da ma jiki ya soma ciwo. Irin wanda maganin ke sawa yakan kama manyan tsokoki na cinya da kafaɗa, dama da hagu lokaci guda, yawanci cikin makonni ko watannin farko. Ciwon gwiwa guda da aka daɗe da shi da wuya ya zama daga maganin.

Likita na iya dakatar da maganin na 'yan makonni ya ga ko ciwon zai tafi, ko ya rage yawansa, ko ya sauya wani nau'in, ko ya koma ga wani magani dabam kamar ezetimibe. Ciwon tsoka mai tsanani tare da kasala da fitsari mai launin baƙin shayi kuwa, wannan na buƙatar a daina sha a garzaya asibiti a ranar.

Bayan shekara 75

Ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki sakamakon toshewar jijiya, amfanin statin a bayyane yake ko da ya haura 75. Ga wanda bai taɓa ba, hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba. A 2022 kwamitin ƙwararru kan rigakafin cututtuka na Amurka ya ce shaidar da ke hannu a lokacin ba ta isa a yanke hukunci kan fara maganin ga masu shekara 76 zuwa sama ba.

A nan likita kan duba ko akwai ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda, ko shan taba, da ƙarfin jikin mutum, da yawan magungunan da yake sha. Kuɗi ma abin dubawa ne, domin magani ne na shekaru, ko da yake farashin atorvastatin ya sauko bayan ƙarewar haƙƙin mallakarsa a 2011.

Wasu magunguna na ƙara yawan statin a jini. Daga ciki akwai clarithromycin da erythromycin da wasu magungunan cutar HIV. Mai shan amlodipine, wanda ake yawan bayarwa don hawan jini, bai kamata ya wuce miligiram 20 na simvastatin a rana ba. Ya dace a kai wa likita duk abin da ake sha, har da na gargajiya.

Azumin Ramadan ba ya kawo cikas, tun da sau ɗaya ake sha a rana. Simvastatin da dare aka fi so a sha shi, atorvastatin da rosuvastatin kuwa ana iya shan su bayan buɗa-baki ko lokacin sahur. Yawanci akan sake gwajin jini bayan wata biyu zuwa uku da fara maganin, don a ga yadda LDL ya sauka da kuma lafiyar hanta.