Kufan Masu Dalma a Kan Ruwanmu

Mutumin Kirikasamma bai gaji haƙar dutse ba. Ƙasarmu fadama ce da jigawa, arzikinta kifi ne da shinkafa. Amma ruwan nan da ke cika mana fadama, in aka bi shi sama, aka wuce Hadejia da Wudil da madatsar Tiga, sai a tarad da kan Kogin Kano can cikin duwatsun kudu, wajen Riruwai. Nan ne masu dalma na dā suka zauna.

Dalma kuwa suna ɗaya ne, ƙarfe biyu. Akwai farar da ake narkawa daga kuza, akwai mai nauyi wadda ake harsashi da ita, uwarta shi ne dutsen tozali. Duwatsun Riruwai suna da duka biyu, amma kuza ce ta tara mutane. Sukan wanke ta a rafi, su narka da gawayi, su zuba ruwan ƙarfen cikin ramukan da aka huda da tsinke, ya daskare siri-siri. Sa'an nan a ɗaure dami-dami, fatake su kai Kano, maƙeran fari su saya.

Cikin ƙarni na 19 waɗansunsu suka tashi, suka kafa Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi. Tsinkayen nan ne Kamfanin Neja ya gani a kasuwa, har a 1902 ya aiko Bature, Nicolaus, ya bi sawunsu. Da kamfanoni suka kama haƙar kuza a Jos, narkin gargajiya ya mutu.

To, gidan mahaƙi na ƙasa ne da ciyawa, damina kaɗan ke cinye shi. Abin da ke shaidar kufai sai kashin ƙarfe da gurbin murhu. A ganina shaidar nan ta fi ta baki ƙarfi, don ba ta mantuwa, ba ta kuma son kai.

Ƙasar gidan ma takan riƙe abin da aka zuba mata. A 2010 aka gane haka a Zamfara, inda masu neman zinariya suka riƙa niƙa dutse mai dalma a tsakar gida, a Dareta da Bagega da waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka zubo sabuwa. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai a 2013.