Horar da Jagororin Matasa a Birnin Kudu da Gwaram: Nazari a kan Giɓin da ke Tsakanin Fareti da Tarbiyya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba irin horon da manya masu jagorantar ƙungiyoyin matasa ke samu a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram na Jihar Jigawa. An dogara ne da nazarin manufofin gwamnati, da dokoki, da tarihin cibiyoyin horo. Maƙalar ta nuna cewa horon da aka gada ya fi ƙarfi wajen ladabi da bin umarni, ya kuma yi rauni wajen sanin halin matashi da kare ƙananan yara.

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ba a taɓa sakin samari babu babba a kansu ba. Sarkin samari shi ke haɗa gayya, shi ke sasanta rikicin dandali, kuma ya koyi aikin ne ta zama kusa da wanda ya gada. A yau aikin ya rarrabu. Yana hannun kwamandan 'yan agaji, da kocin ƙwallon unguwa, da malamin Islamiyya, da malamin sakandaren da aka ɗora wa kula da kulob, kamar a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Yawancinsu aikin sa-kai suke yi. Tambayar ita ce: wa ya koya musu, kuma me aka koya musu?

Horon da aka gada

Tsarin sikawut ya shigo Nijeriya a 1915, kuma tun 1919 ƙungiyar ta buɗe kwas na musamman domin manyanta a Gilwell Park da ke Ingila. A 1951 Alec Dickson ya kafa cibiyar Man O' War a gaɓar tekun Kamaru, wadda daga baya ta zama Cibiyar Horar da Shugabanci da Zama Ɗan Ƙasa Nagari, mai makaranta a duwatsun Shere kusa da Jos. Shirin yi wa ƙasa hidima na 1973 ya bi irin wannan sawu na sansani. Rundunonin agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala su ma sun ɗauki kaki da fareti da muƙamai.

Bai kamata a raina wannan gado ba. Duk wanda ya ga yadda 'yan agaji ke tsara sahu a filin idi, ko yadda suke raba hanyar maza da ta mata a wajen tafsirin azumi, ya san horo ne ya haifar da hakan. Sai dai fareti na koyar da sarrafa taro ne. Kocin da ya lura wani yaronsa kan haɗiyi ƙwaya kafin a take wasa, idanunsa jawur, yana gudu ba gajiya, wani ilimi daban yake buƙata: yadda zai keɓe shi su yi magana, lokacin da ya dace ya sanar da mahaifi, da inda zai tura shi idan abin ya fi ƙarfinsa. Bulala da tsallen kwaɗo kan kori irin wannan yaro ne daga fili zuwa majalisar da ta koya masa. Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce, domin binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya.

Abin da sauyin doka ya jawo

Manufar Matasa ta Ƙasa ta 2009 ta ɗauki matashi a matsayin mai shekara 18 zuwa 35. Ta 2019 ta mayar da shi 15 zuwa 29. A ganin mai wannan nazari, ba a ba wa wannan sauyi kulawar da ta kamace shi ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, Jigawa kuma ta samu tata Dokar Kare Yara a 2021. Ke nan jagoran da ya kwashi 'yan shekara 16 a mota zuwa gasa a Dutse, ko ya kwana da su a sansani, amanar yara ce a wuyansa a gaban doka. Ya kamata ya san batun izinin iyaye, da haɗarin kaɗaicewa da yaro, da inda ake kai rahoton cin zarafi. Ga 'yan mata abin ya fi tsanani, domin iyaye da yawa ba za su saki 'yarsu ba sai sun ga mace a gaba, mata masu horo kuwa ba su wadata ba.

Irin horon da ya dace da yankin

Ƙungiyar Ƙasashen Renon Ingila ta daɗe da ɗaukar aikin matasa a matsayin sana'a, har da difloma da ake yi daga nesa. Amma kwas na Turanci mai neman takardun shiga ba zai kai ga kwamandan agaji na ƙauye ba. Taron bita na kwana biyu a otal, a raba kuɗin mota a watse, shi ma ba ya sauya ɗabi'ar aiki.

Abin da zai yi tasiri shi ne horo da Hausa, a hedikwatar ƙaramar hukuma, kashi-kashi, tare da gogaggen jagora mai bibiya a fili. Lokaci ma abin lura ne: da damina kowa na gona, da kaka ta wuce kuma samari kan tafi ci-rani, sannan ranar da kasuwar Sara ke ci ba ranar kiran taro ba ce a Gwaram. Masu koyarwa na kusa. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya da ke Birnin Kudu na iya ɗaukar ɓangaren taimakon gaggawa da shaye-shaye, sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya ɗauki kare yara, Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Kwalejin Ilimi ta Gumel kuma ta tsara manhaja ta ba da takardar shaida. Nazari na gaba ya kamata ya fara da ƙidayar jagororin a mazaɓun ƙananan hukumomin biyu, da irin rubutun da kowannensu ke karatu da shi, boko ko ajami.